A riƙa tambayar nauyin jirgin kafin a tafa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini don in yi tsokaci a kan wani abu da ya daɗe yana sosa mini rai.

Lokaci zuwa lokaci akan buga hoton wani matashi tsaye kusa da jirgin sama da ya ƙera da hannunsa. Jirgin ya sha fenti, an rubuta suna a jiki, a ƙasan hoton kuma a ce ga haziƙi, a taimaka masa. Haziƙin ne kuwa, ban musa ba. Sai dai ban taɓa karanta inda ɗan jarida ya tambaye shi kilo nawa jirgin yake ba, ko faɗin fiffiken, ko inda tsakiyar nauyinsa ta faɗa. Babbar tambayar ma, wato ko ya taɓa barin ƙasa, akan tsallake ta don kara. Idan ka ƙura wa hoton ido, sau da yawa langa-langa ne da rodi da walda, nauyin da ko injin babur ba zai ɗaga ba. Yaron ya sha tafi, ya koma gida, shekara mai zuwa ya sake ƙera irinsa, domin ba wanda ya gaya masa inda gizo yake saƙar. Ina ganin da wakilinku zai riƙa tafiya da sikeli da tef ɗin awo, da ya fi yi wa yaron amfani.

Ni ba injiniya ba ne. Abin da nake yi idan na samu hutu shi ne harhaɗa ƙananan jirage na katakon balsa masu injin mai, waɗanda ake tuƙawa daga ƙasa da rimot. A ganina makarantar da irin waɗannan matasa suke buƙata ke nan, kuma bari in faɗi dalili.

Balsa itace ne da ke fitowa a Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, ƙasar Ekwado ce kuma ta fi kowa fitar da shi kasuwar duniya. Saurin girma gare shi, cikin shekara 6 zuwa 10 an sare shi, idan ya bushe kuwa sai ka ɗauki falle guda ka rantse ba komai a hannunka. Kana iya lotsa shi da farce. Wanda bai san shi ba zai raina shi, amma da shi aka cika tsakiyar bangon jirgin yaƙin Birtaniya mai suna Mosquito, wanda ya fara tashi a 1940, kuma har yau ana sa shi a cikin manyan farfelun da ke samar da lantarki daga iska.

Ranar da ka buɗe kwalin kayan, ba abin da ya yi kama da jirgi a ciki. Fallayen katako ne da aka yanka surar sassa a jikinsu, da dogayen sanduna, da 'yar jakar kusoshi, da wata ƙatuwar takardar zane wadda girmanta daidai yake da girman jirgin. Inji da rimot da gam da ledar rufi duk daban ake nemansu. Mai farawa ya zaɓi irin na koyo: fiffike a saman ganga, ƙasansa a shafe, faɗinsa wajen mita ɗaya da rabi, ɓangarorin biyu sun ɗan ɗaga sama. Wannan ɗagawar ce take sa jirgin ya gyara kansa idan ya karkata. Masu kama da jiragen yaƙi sun fi kyau a ido, sun kuma fi saurin komawa buhu.

Kafin wuƙa da gam, a nemi allo shimfiɗaɗɗe wanda ba shi da ko ɗan doro, kuma fil yana shigarsa. A kansa ake baza zanen, a lulluɓe da leda mai shara-shara don kada gam ya kama takardar. Sai a kwantar da doguwar sandar da ke ɗauke da fiffike a kan layinta, a kafe ta da fil biyu-biyu a gicciye ta samanta, don idan aka soka ta ciki tsagewa take yi. Daga nan sai haƙarƙari, wato yankakkun sassan da ke ba fiffike siffarsa, ɗaya bayan ɗaya, kowanne a kan nasa layin, kowanne a tsaye cak, ana jingina masa ma'auni kafin a ɗiga gam. Idan an gama jerawa sai ka ga abin kamar ƙayar kifi. Nan ne ake cin jarrabawa ko a faɗi. In allon yana da murɗiya, fiffiken zai gaje ta, ido ba zai gani ba, amma iska za ta gani: jirgin zai riƙa mirginawa gefe guda, kana gyarawa yana komawa.

Gam iri-iri ne. Sufa gulu mai ruwa-ruwa yana bin ƙofofin katakon ya kama nan take, sai dai tururinsa yana sa hawaye, kuma ba ya ba ka damar sake shawara. Farin gam na kafintoci yana jan lokaci amma ya fi daɗin gogewa, ni shi na fi so a yawancin wurare. Mai haɗi biyu, wato efoksi, nauyi gare shi, don haka ana ajiye shi ne don inda ƙarfi ya zama dole: mahaɗar fukafukai biyu, da bangon da ake ɗaure inji. Sabon hannu yakan ɗauka yawan gam shi ne ƙarfi, ya yi ta lafta shi. Alhali duk giram ɗin da ya ƙaru a jela, sai an biya shi da ninki uku ko huɗu na dalma a hanci, saboda jelar ta fi nisa da tsakiya. Wannan lissafin kaɗai, da matashin da ke walda rodi ya san shi, da ya ajiye rodin.

Sauran aikin yawancinsa samfefa ne. A manna ta a jikin katako miƙaƙƙe, a yi ta goga har hannu ya bi ta kan mahaɗa bai ji tudu ba. Ba abin burgewa a ciki, ƙura ce kawai da atishawa, kuma sauri kan haifi nawa. Sannan a shafe ɗakin tanki da bangon inji da efoksi, don in mai ya jiƙa balsa ya gama da shi, gam ba zai sake kama wurin ba. Ledar rufi kuma da ɗan ƙaramin dutsen guga ake manna ta, zafi ya sa ta tsuke ta yi santsi. Ana farawa daga ƙasa zuwa sama, daga baya zuwa gaba, yadda bakin kowace leda zai kalli baya, iska da mai ba za su samu hanyar ɓanɓare ta ba.

Yanzu ga inda raina yake, wato inji. Wanda aka saba ɗora wa jirgin koyo bai wuce cika tafin hannu ba, girman cikinsa sisi (cc) 6.5 ne kacal. Ba fetur yake sha ba. Mansa haɗi ne na metanol, da nitrometan kashi 5 zuwa 15 cikin 100, da man shafe inji wajen kashi 18 zuwa 20, wanda a da can man zurman ne zalla, yanzu kuma akan gauraya shi da na masana'anta. Filoginsa ba ya tartsatsi. Wata 'yar waya ce a nannaɗe mai sinadarin filatinam, wadda wani Ba'amurke mai suna Ray Arden ya fito da ita a ƙarshen shekarun 1940. Kana jona mata batir mai bolt ɗaya da rabi sai ta yi ja, ka juya farfela, inji ya kama, ka cire batirin. Injin ba zai mutu ba, domin tururin metanol idan ya taɓa filatinam yana ci gaba da zafafa wayar da kansa. Ba koyil, ba magneto, ba komai.

Saitin man kuwa da kunne ake yinsa. Akwai wata allura a jikin kafireta. Idan a buɗe take da yawa, injin yana gurnani, yana tofar da mai, hayaƙi fari yana tashi daga salansa. Sai ka riƙa ɗaure ta ƙas, ƙas, ɗaya bayan ɗaya, kana saurare. Muryar tana sirancewa tana hawa, har ta kai wani ƙololuwa mai tsini. Nan ne sabon shiga yake washe baki ya ce ya samu. Tsohon hannu kuwa yana jin haka sai ya mayar da allurar baya ƙas biyu ko uku. Dalili shi ne man shafen a cikin man sha yake, in ka rage ɗaya ka rage ɗayan, kuma a sama injin yana ƙara ƙishi. Wanda ya tashi a kan ƙololuwa, ko dai injin ya mutu masa a sama, ko fistan ya ci wuta. Akan gwada ta hanyar ɗaga hancin jirgin sama da totur a buɗe: in muryar ta ɗan ƙaru ta tsaya, lafiya, in ta shaƙe, a ƙara mai. A cikin tankin ma akwai dabara: tiyon da ke zuƙo mai yana da ɗan ƙarfe mai nauyi a bakinsa, duk inda jirgin ya juya, ko da ya kifa ciki sama, bakin tiyon yana bin man.

Kada wani ya ji ƙanƙantar injin ya yi sakaci. Farfela mai inci 10 tana juyawa fiye da sau 10,000 a minti guda, ba ta san yatsa ba. Da sanda mai roba ko da sitata ake tayar da ita, kuma daga baya ake taɓa allura. Metanol guba ne, yana makantarwa in an sha, wutarsa kuma da rana da ƙyar ake ganinta.

Awo na ƙarshe shi ne wanda na so 'yan jarida su koya. Da tanki babu mai, a sa yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike, wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na faɗinsa daga gaba, daidai inda zanen ya nuna, a ɗaga. Jirgin ya tsaya daidai, ko hancin ya ɗan sunkuya. In jela ce ta rinjaya, kada a kuskura a tashe shi, don zai riƙa cilla hanci sama ya ƙi jin umarni har ya faɗo. Sannan a duba cewa kowace sanda a rimot tana motsa abin da ya dace zuwa inda ya dace, a yi nisa da jirgin a gwada ko saƙo yana kai wa. Rimot na zamani, tun tsakiyar shekarun 2000, yana neman zangon da ba kowa da kansa. Kafin nan mutum biyu in suka kunna zango ɗaya, ɗayansu ya yi asara. Tashin farko kuma a miƙa wa wanda ya iya, don idan jirgin ya juyo yana fuskantarka, damarsa ta zama hagunka, kuma ƙwaƙwalwa ba ta karɓar wannan a rana ɗaya.

Na san za a ce mini ai yanzu akwai jirage na soso masu batir, ka ciro daga kwali ka tashi. Gaskiya ne, sun fi tsafta, ba su damun maƙwabta da ƙara, ba kuma sai ka zauna kana goge maiƙo daga fiffike da tsumma bayan kowane tashi ba. Wanda tuƙi kawai yake so, su ne nasa. Amma wanda ya jera haƙarƙarin da hannunsa, ranar da jirgin ya daki ƙasa, tsince guntayen yake yi ya koma kan zane, don ya san abin da ke ƙarƙashin ledar. Kuma shi ne gobe zai iya zana nasa.

Masu cewa wasan yara ne, su ji wannan. A watan Agusta na 2003 wani dattijo Ba'amurke, Maynard Hill, mai shekara 77, idonsa ya kusa tafiya gaba ɗaya, ya saki jirgin balsa mai rufin leda daga Newfoundland a Kanada. Nauyinsa har da mai bai kai kilo 5 ba, don haka ƙa'idar kafa tarihi da ƙananan jirage ta tanada, kuma kusan rabin nauyin mai ne. Da rimot aka tashe shi, na'urar tuƙi mai bin tauraron ɗan'adam ta karɓa, ya ƙetare Tekun Atlantika, wajen kilomita 3,000 cikin kusan awa 39, wani ya sauke shi da rimot a gaɓar Ailan. Shi ne jirgi na biyar da ya gwada. Huɗun da suka riga shi duk sun salwanta.

Sai batun doka, wanda ba a wasa da shi. A nisanci filin jirgin sama, da taron jama'a, da wayoyin lantarki, da duk wurin da jami'an tsaro ke gadi. Ƙasashe da yawa sun kayyade tsayi a mita 120, a Amurka ma duk jirgin da ya wuce giram 250 sai an yi masa rajista. Kowa ya tambayi hukumar sufurin jiragen sama ta ƙasarsa kafin ya zuba mai.

Malam Edita, in za ka ware ko rabin shafi ne a wata don irin wannan aikin hannu, a shirye nake in aiko da bayanin yadda ake yanka haƙarƙari daga zane ba tare da an sayi kwalin kaya ba. Ina kuma roƙon kafintoci da malaman makarantun fasaha da ke karanta wannan jarida, duk wanda ya san wani itace maras nauyi da za a iya yankawa falle-falle ya maye gurbin balsa, ya rubuto ya faɗi sunansa da yadda ake busar da shi.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum