Zuwa ga abokan cinikinmu, kan maganar rawar sitiyari bayan canjin aksul

Assalamu alaikum. Muna gaida iyayenmu alhazai, da 'yan uwa direbobi, da duk wanda ya taɓa shigo da motarsa garejinmu.

Magana ta iso mana cewa ana faɗa a tasha da majalisa wai mun lalata wa mutane motoci. Abin ya yi mana ciwo, shi ya sa muka ga gara ku ji daga bakinmu. Wasu a-kori-kura da muka canja wa aksul na gaba, wato ƙarfen da ke ɗauke da tayoyin gaba, tsofaffin Hilux da Land Cruiser masu aksul ɗaya miƙaƙƙe, sun dawo da rawar sitiyari. Mota tana tafiya lafiya, ta kai gudun wajen kilomita 70 ko 80 a awa, taya ɗaya ta faɗa rami, sai gaban gaba ɗaya ya kama karkarwa, sitiyari yana neman ƙwacewa daga hannu, kuma ba ya dainawa sai an rage gudu sosai. Wanda abin ya same shi a titin Zariya da kaya a baya ya san ba ƙaramin tashin hankali ba ne, kuma ba mu raina fushinsa ba.

Amma a duba inda aksul ɗin nan suke fitowa. Sabo fil ba ya sayuwa ga yawancinmu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, dala kuma ta haura naira 1,500 a 2024, na Beljiyam kowa yake nema, mu ma shi muke kawo muku don ku samu sauƙi. Dilan da muka daɗe muna karɓa a hannunsa ya turo mana kaya a wanke, an shafa baƙin fenti, da rantsuwar cewa daga jikin mota mai lafiya aka ciro su. Ido ba ya ganin cikin kinfin, wato mahaɗar da taya ke juyawa a kanta idan an karya sitiyari. Sai da muka kwance ɗaya muka tarar boris ɗin sama ya ci, giris ya bushe ya zama kamar ƙasa, tayarod, sandar da ke haɗa tayoyin gaba su juya tare, yana motsi a hannu. Wani aksul ɗin kuma na motar wata shekara ne daban, mazaunin sifirin ɗinsa bai zo daidai ba, sai aksul ya ɗan kifa gaba. Wannan kifawar tana rage 'yar kwanciyar baya da kinfin ke da ita, wadda ake kira kasta; digiri kaɗan ce, amma ita ke dawo da sitiyari tsakiya bayan kwana. Idan ta ragu, ga kuma sako-sako a tayarod, rami ɗaya ya isa ya tayar da rawar. Notin da yaranmu suka ɗaure, kowanne mun sake bin sa da sifana, babu wanda ya kwance.

Akwai masu ce muku a sa sabon shakazoban sitiyari magana ta ƙare. Don Allah kada ku yarda. Yana rufe rawar na ɗan lokaci ne kawai, ɓarnar tana nan tana ci a ƙasa. Yadda muke dubawa kowa zai iya tsayawa ya gani: mota a ƙasa, yaro yana kaɗa sitiyari hagu da dama, babba yana kwance a ƙarƙashi da hannunsa a kan kowace mahaɗa yana jin inda ke ƙwanƙwasa. Sannan a ɗaga da jak, a kama taya sama da ƙasa a girgiza, don a ji boris da kinfin. A Land Cruiser mai sifirin na murɗe muna duba bushin sandar da ke riƙe aksul ta gefe. Balansin taya da alaimen sai a ƙarshe, kuma taya mai ƙulu ko rim da ya lanƙwashe su ma suna da nasu laifin, wanda ba daga wurinmu ya fito ba.

Muna kan magana da dilan, muna kuma zagaya kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa muna neman mafita. Za mu yi abin da ya dace da kowa gwargwadon hali, in sha Allahu.

Alhajinmu mai jigilar hatsi daga Dawanau, tun mahaifinmu yana riƙe da garejin nan kake kawo mana motocinka, ba ka taɓa tambayar abin da muka sa a ciki ba. 'Yan uwa masu ɗauko tumatir daga Kura da Kadawa zuwa 'Yan Kaba, da daddare kun sha buga mana waya mun fito. Mun gode, Allah ya bar zumunci. Mun ga wasu motocin da muka saba gani a ƙofarmu a tsaye a wani gareji, ba mu ce komai ba, kowa da ikon dukiyarsa, amma mun so a ce an fara tambayarmu.

Duk wanda muka canja masa aksul kuma ya ji ko da 'yar rawa ce, kada ya ɗora kaya ya hau babban titi. Ya kawo ta a hankali, kowace rana ban da lokacin sallar Juma'a. Dubawa ba za mu karɓi ko kwabo ba.

Naku,
Mai gareji da yaransa, Kano