Kujera Bakwai, Dangi Saba'in

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan ƙananan motocin iyali masu kujera bakwai, waɗanda na ga idon magidanta ya koma kansu a Kano. A makarantar da nake koyarwa kaɗai, malamai uku ne suka tare ni a zangon karatun nan suna neman shawara ko su saya. Kowanne na ce masa maganar ba ta tsaye ba ce. To yau na zauna.

Tun farkon 2021 nake riƙe da Toyota Corolla Verso ƙirar 2007, 'yar Kwatano. Haka muke ce musu har gobe, ko da ta tashar jiragen ruwa ta Legas mota ta shigo, alhali tun farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa. 'Ya'yana biyar, kuma surukata Hajiya tana tare da mu. Maigidan babur gare shi, da shi yake sammakon fita Kantin Kwari. Kafin motar nan, kullum safiya sai na tare ɗan sahu biyu, ɗaya ya kwashi 'yan firamare, ɗaya ni da manyan. Ranar da ruwan Agusta ya yi mana dukan tsiya a Kabuga, ina goye da autana, babu ɗan sahun da ya yarda ya shiga Ɗorayi, ranar na ƙudurta a raina. Na haɗa kwasar adashi biyu, na sayar da awarwarona na aure, maigida ya cika.

Ban yi nadama ba, wannan in faɗe shi da wuri. Injinta mai lita 1.8 ne, dangin wanda ke cikin Corolla da ta cika gari, saboda haka babu bakaniken da zai buɗe ta ya tsaya yana susar ƙeya. Abin da ya lalace kuwa, ka shiga Ƙofar Ruwa, sabo ko na hannu, kafin azahar ka fito da shi. Wata abokiyar aikina ta sayi wata mota da ta fi tawa kyau nesa ba kusa ba, amma wata biyu ta yi a gareji ana jiran wani ɗan ƙarfe daga Legas. A nan na gane cewa ba ranar ciniki ake sanin arahar mota ba, sai ranar da ta kwanta. Tawa giyarta ta hannu ce, da gangan na zaɓa, duk da ƙafar hagu tana gaya mini a gosulon Kurna. Ba ta da tsawo sosai, tana shiga lungunmu ta yi kwana ba tare da na kwashe wa mai ƙosai kasko ba. Kujerun baya biyu suna kwantawa su shafe da ƙasan but, na tsakiya uku ma kowacce da kanta take naɗewa. Da ita nake ɗauko buhun masara biyu daga Dawanau, da kwandon tumatir daga 'Yankaba. Sau ɗaya mun saka ragon layya. Ba za a ƙara ba, sati uku muna turaren wuta a cikin mota.

Amma ga abin da dillali ba zai faɗa maka ba. Kujera bakwai ɗin nan, biyar ne na manya, biyu na yara. Babban mutum in ya zauna a can ƙarshe gwiwarsa a haɓarsa take, kafin a kai Bichi ƙafa ta yi tsami. Kuma da zarar ka ɗaga kujerun nan biyu, but ya tafi. Abin da ya rage bai wuce wurin jakar makaranta uku da kular abinci ba. Ko mutane ko kaya, ba a haɗa su. Ranar da za mu gaida dangin maigida a Gwarzo, sai an zaɓa tsakanin yaro biyu da tsarabar Hajiya, kuma Hajiya ba ta tafiya hannu rabbana. Sannan kan yaran da ke can baya kusa yake da gilashin but. Duk lokacin da na tsaya a danja na hango babbar mota a madubi, sai na karanta abin da ya sawwaƙa.

Wannan duk mai sauƙi ne. Babban abin da nake so masu niyyar saye su sani shi ne, a garin nan duk wanda ya sayi mota mai kujera bakwai ba shi kaɗai ya saya ba. Ya saya wa unguwa, ya saya wa dangin uwa da na uba, har da dangin kishiyar goggonsa. Mai ƙaramar mota yana iya cewa ta cika, a yarda. Ni wa zai yarda? A watan farko aka raɗa mata suna motar gayya. Barka, suna, kai lefe, kai amarya, gaisuwar mutuwa, rakiyar maniyyata, duk sai an turo yaro: wai in ji Umma ana sallama da Malama.

Wani ɓangaren ina yin sa da farin ciki. Ƙarfe biyun dare aka taɓa buga mana ƙofa, maƙwabciyata naƙuda ta zo da gardama, mijin yana Fatakwal. Na kwantar da kujerun tsakiya, muka shimfiɗa katifar yara, ta kwanta sosai, uwarta na riƙe da kanta, maigida a gefena, muka nufi Asibitin Murtala. Yarinyar da aka haifa daren nan yanzu ita ke rugowa ta buɗe mini ƙyaure in na dawo daga makaranta. Ko wannan kaɗai motar ta yi, ta biya awarwarona.

Ɗaya ɓangaren kuwa shi ya kusa kashe motar, kuma laifina ne, kunya ce ta ci ni. Bikin 'yar yayar maigida, za a kai amarya wani ƙauye bayan Gwarzo. Na ce mutum shida zan ɗauka. Kafin in fito daga sallar la'asar, mata goma sha ɗaya sun shige, ban da goyo, an cusa kwalla biyu ta cincin da dubulan a kan cinyoyi. Na buɗe baki zan yi magana, wata goggo ta ce, "Haba 'yar nan, motar da aka ce bas ce? Mu je, Allah ne ke tsarewa." Na ja bakina na tsuke. Bayan motar ya zauna har salansa na gogar duk tudun da muka hau. Muna sauka daga kwalta tayar baya ta fashe. Allah ya taƙaita, a hankali nake tafiya. Muka yi cirko-cirko a bakin gonar dawa da lesuka da gwaggwaro har aka kira magariba, amarya tana can tana jiran danginta. Da na kai ta gareji, shokozoba biyu na baya sun tafi. Cikin mata goma sha ɗayan nan, wadda ta bugo waya ta ce ya mota, ɗaya ce.

Hajiya ce ta raba ni da wannan wahala. Da ta ga ina lissafin kuɗin gyara ina share ƙwalla, ta ce, "Ke Malama, ki ce ni na hana. Duk mai magana ta zo ta same ni." Daga ranar aka kafa doka. Rashin lafiya da mutuwa, ko ƙarfe nawa ne, a buga ƙofa, ba na karɓar ko sisi. Biki da suna kuwa, mutum bakwai har da direba, kuma a zuba mai. An yi ta tsegumi, har aka canza mini suna zuwa Malama mai ƙirga kai. Na amsa. Bayan wata biyu kowa ya saba, har su da kansu suke zaɓen waɗanda za su bi ni, sauran su haɗa kuɗin ɗan sahu.

Maganar mai kuwa, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, sai dai babu wanda ya zaci irin wannan zuba. Tankinta lita 60 yake ci. Lokacin da lita ba ta kai naira 200 ba, da dubu goma sha biyu nake cika shi har in karɓi canji. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, cikin 'yan kwanaki lita ta haura naira 500, a 2024 kuma muka saye ta sama da naira 1,000. Cika tanki ya koma abin da ake ba da labari. Yanzu na dubu goma nake sha, in zuba wa allura ido. Esi sai Hajiya na ciki, ko a zafin Afrilu in sitiyari ya ƙi taɓuwa. Cefane na mayar da shi sau ɗaya a mako, na kuma ɗauki yaran maƙwabta biyu da suke makaranta ɗaya da nawa, iyayensu suna taimakawa da kuɗin mai a ƙarshen wata. An ba ni shawarar in mayar da ita mai amfani da gas na CNG, na je na gani da idona. Tukunyar a but ake ɗaure ta, daidai inda kujerun yarana biyu suke. Na yi godiya na dawo.

Masu gyara ma sai an yi hattara. Wani bakanike da na fara kai wa, ba tare da ya tambaye ni ba ya cire abin da ke daidaita zafin inji ya jefar, ya haɗa fanka kai tsaye, wai motar ƙasar sanyi ce. Sai ga mota ta ƙara shan mai, da sanyin hunturu kuma inji ya ƙi ɗumi. Wanda nake kai wa yanzu, dattijo ne mai tsoron Allah, shi ya mayar da shi, ya kuma leƙa ƙasa ya nuna mini cewa abin tace hayaƙin da ke cikin salansa, wanda suke kira indomi, tun kafin ta zo hannuna aka fafe shi aka sayar. Ban san yana nan ba balle in san babu shi. Shi ya koya mini in riƙa kakkaɓe filtar iska duk sati in ƙurar hunturu ta sauko, kada in wuce lokacin juyen baƙin mai, kuma in ga ruwa ya kwanta a titi da damina in jira wani ya fara shiga, domin cikinta kusa yake da ƙasa.

Ga malaman nan uku, da duk mai irin niyyarsu: ka tafi da bakanikenka, ba na dillali ba, ka sa shi ya shiga ƙarƙashinta. Ka duba ko an juya mata sitiyari, domin motocin Japan da Ingila a dama yake zuwa, mu kuwa tun 1972 muka koma bin hannun dama, kuma juyin nan ba kowane ne ake yi da kyau ba. Ka ga takardar kwastan da idonka. Ka ware dubu goma sha biyar ta inshora duk shekara, tunda daga 2023 ta tashi daga dubu biyar. Ka ɗauki mutumin da ya fi kowa tsawo a gidanku ka zaunar da shi a kujerar ƙarshe kafin ka biya la'ada. Sannan tun kafin motar ta kwana a ƙofar gida, ka nemi dattijuwar da za ta ce ita ta hana.

Asabar mai zuwa akwai kai lefe Bichi. Tun shekaranjiya aka turo mini sunayen mutum tara, akwatuna kuma shida. Na miƙa wa Hajiya takardar, ta sa tabarau, ta ce in ba ta biro.

Wassalam.

Taku,
Wata malamar makaranta,
Ɗorayi, Kano.