Yaya, kada a kira wa Abba wanzami

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaishe ka da Inna da mutanen gida baki ɗaya. Ni lafiya lau, sai sanyin Ingila da aikin dare, kuma an saba.

A bakin mutane na ji, ba a bakinku ba, wai ɗana Abba ya fara minshari yau kwana goma, har Gwaggo ta ce belu ne, a kira wanzami. Yaya, don girman Allah kada aska ta shiga bakin yaron nan. Yankan belu ba ya tsayar da minshari, sai dai ya jawo zubar jini, ko a ɗauko masa ciwon hanta a askar da ta taɓa wani.

Yau ɗin nan ka haska hancinsa da fitilar waya. In ƙofa ɗaya ce kawai take zubar da majina mai wari, ko mai jini-jini, to wani abu ya cusa: gyaɗa, wake ko ƙwayar masara, ka san ɗan shekara huɗu. Kada a sa tsinke ko ashana, ciki za su ƙara tura shi. A kai shi asibiti a cire. In kuwa ɗan batirin nan ne mai kamar maɓalli, ba a kwana da shi, domin cikin 'yan awoyi yake cinye naman hanci.

In duka biyun ne a toshe, wataƙila mura ce da ƙurar hunturu. A tafasa ruwa rabin lita, wato cikin ledar fiya wata ɗaya, a sa gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, ba a tule ba. In ya huce, ɗigo biyu ko uku a kowace ƙofa kafin barci, gobe a haɗa sabo. Ya kwanta a gefe, ba rigingine ba. Inna ta daina kunna maganin sauro mai hayaƙi a ɗakin, ga gidan sauro nan a ƙasan akwati. Kuma kada mai kemis ya ba ku maganin tari mai sa barci, nauyin barcin yana ƙara danne numfashi.

Ni ya kamata in zauna a kansa da dare, na sani. Tunda ba na nan, kai za ka yi. In barcinsa ya yi nisa, ka ɗaga rigarsa, ka ɗauke shi bidiyo na minti biyu ka turo min. Ka lura ko numfashin yana ɗaukewa sannan ya fizgo shi da ƙarfi, ko yana kwana baki buɗe cikin gumi, ko ya koma fitsarin kwance. Wannan yawanci naman gefen maƙogwaro ne ko na bayan hanci ya kumbura, a shekarunsa suka fi girma. Aikin likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne. In a Dutse suka ba ku takarda zuwa asibitin Malam Aminu Kano, ku je.

Waɗannan kuma ba sa jiran gari ya waye: numfashi 40 ko fiye a minti ɗaya yana zaune shiru, ƙasan ƙirji yana lotsawa, ko zazzaɓi da kumburin wuya da wani abu toka-toka manne a maƙogwaro. Na ƙarshen mashaƙo ne, ka tuna abin da ya yi a Kano a 2023.

Na turo naira 80,000 ta asusunka. Na mota ne da kati da magani. Ba na taki ba ne, ba na gudummawar biki ba ne. Yaya, ban bar ɗana na zo nan ina tsayuwar awa goma sha biyu don a riƙa ɓoye min ciwonsa ba. Ka yi haƙuri, na san kuna ƙoƙari, kuma Inna ba ta son hankalina ya tashi ne.

In Gwaggo ta matsa, ka ce ni na hana, ta kira ni da kanta, amma ka faɗa mata da ladabi. Abin da ya rage a kuɗin ka saya wa Abba rigar sanyi, Inna kuma goro. Ka ɗauki hoton katin rigakafinsa gaba da baya ka haɗo da bidiyon, yana cikin kwallar Inna ta biyu.

Ƙanwarka.