Aminiyata ta ba ni amana, amma ina tsoron ran 'yarta

Assalamu alaikum Hajiya. Ina gaishe ki da aiki, Allah Ya saka miki da alheri kan yadda kike sauraron damuwarmu. Don Allah a sakaya sunana, kin san a unguwarmu Aboabo ta Kumasi kowa ya san kowa.

Ɗana yana da shekara 6, kuma jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko kaɗan. Ɗan ƙuli-ƙulin da ke cikin yajin cincinga, wato tsire, ma ya isa: leɓensa ya kumbura, borin jini ya feso masa, numfashi ya riƙa fita da ƙyar. Ke kin san cimar Zango. Miyar gyaɗa, dakuwa, gyaɗar da ake zubawa a koko da safe, man suyar ƙosai da ita kanta mai suyar ba ta san da me aka gauraya shi ba. Duk sunan da za mu je ko biki, da kwanonmu nake tafiya, kuma sai na sha magana. Wata ta ce shagwaɓa ce, wata ta ce baki ne ya kama yaron, wata ta ce su da gyaɗa aka yaye su ga su nan garau.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa gaya mini haka ba. A layin ganin likitan yara a asibitin Komfo Anokye muka haɗu, ita daga Asawase. 'Yarta ta girmi ɗana da kaɗan, ita kuma jatan lande ne ba ta iya ci, ga asma a kai. Abin da gyaɗa take a wurina, shi shito, baƙin soyayyen yajin nan, yake a wurinta, tunda da busasshen jatan lande ake yinsa, kuma mai wake da shinkafa ba ta tambayarka kafin ta ɗora maka shi.

Hajiya, baiwar Allahn nan ta zame mini 'yar'uwa. Ita ta koya mini in riƙa juya kwalin biskit in karanta ƙananan rubutun baya. Ita ta raka ni wurin matar da ke dafa abincin makarantar su ɗana, ta zauna ta yi mata bayani da Twi, wanda ta fi ni iyawa, har matar ta yarda ta ware masa ludayi da kwano. Mun yi adashe mu biyu da wasu iyaye mata masu irin damuwarmu, muka tara kuɗin allurar adrenalin, irin mai kama da biro da ake cakawa a gefen cinya, domin tana da tsada, samunta a nan wuya ne, kuma kwananta yana ƙarewa. Ranar Sallah takan sa tukunya daban saboda ɗana, ta wanke wuƙa da turmi a gabana ba tare da na roƙa ba. Gidanta ne kaɗai a duk Kumasi nake barinsa in tafi kasuwar Kejetia hankalina kwance.

To, bana surukarta ta dawo gidan da zama. Tsohuwar ta kafe cewa an sangarta yarinya, maganin abin shi ne a riƙa ba ta kaɗan-kaɗan har jiki ya saba. Mijin direban babbar mota ne, yana ɗaukar kaya daga Tema zuwa Wagadugu, ba ya zama. Ƙawata ta yi ta tirjiya, daga baya ta gaji ta sallama. Yanzu ana lakato shito a bakin cokali a cuɗa wa yarinyar cikin abinci, uban bai sani ba, likitarta ma ba ta sani ba. Ni kaɗai ta gaya wa, kuma sai da ta ce in riƙe mata amana kafin ta buɗe baki.

Na gani da idona. Yarinyar na zaune kan tabarma, ta ci loma kaɗan, sai ta fara sosa wuya tana gyaran murya. Bayan kunnenta ya yi ruɗu-ruɗu. Uwar ta miƙa mata Piriton, maganin ƙaiƙayi, hannunta na rawa, kakar kuma tana cewa ai dafin ne ke fita.

Abin da likita ya taɓa gaya mana, mu biyu muna zaune, ban manta ba. Ya ce sauƙin da aka gani jiya ba shi ne tabbacin gobe ba, abin kan zo da sauƙi yau, wani karon ya shaƙe maƙogwaro. Ya ce Piriton ƙaiƙayi da borin jini yake kwantarwa, ba ya buɗe hanyar numfashi, adrenalin ce ke wannan aikin, kuma ko an yi allurar dole a garzaya asibiti don abin yana iya dawowa bayan wasu awanni. Ya ce mai asma ya fi shiga haɗari. Yara da yawa sukan rabu da matsalar ƙwai ko madara in sun girma, amma ta gyaɗa da ta jatan lande galibi tana bin mutum. Ya kuma ce akwai ƙasashen da ake sabar wa yaro da gyaɗa a hankali, amma likitoci ne ke auna abin da za a ba shi, da kayan ceto a kusa.

Na tuna wa ƙawata duk wannan. Ta fashe da kuka, ta ce, "Yaya, ke mijinki yana gida yana tare miki, ni wa zai tare mini?" Na tausaya mata har cikin raina, domin na san zaman gida da uwar miji ba wasa ba ne. Amma daga baya ta ce ko ni ma in gwada wa nawa ɗan ƙuli-ƙuli, wataƙila a dace. Tun ranar ban sake barin ɗana a gidanta ba. Ta lura. Gaisuwarmu ta koma ta bakin hanya, kuma ɗana kullum yana tambayata yaushe za mu je wurin Anti.

Maigidana ya ce in kira mijinta kawai in gaya masa. Ina tsoron in yi haka aurenta ya girgiza, a ce ita ta kai ƙarar uwar miji waje, ni kuma in rasa ta har abada. In na yi shiru kuma wani abu ya sami yarinyar nan, ban san da wane ido zan kalli uwarta ba.

Hajiya, amanar da na ɗauka ta hau kaina ko da ran yarinya na cikin haɗari? Wa ya kamata in fara tunkara: mijin, ko likitar yarinyar, ko in nemi wata dattijuwa ko malamin unguwa da tsohuwar ke jin maganarsa? Na yi tunanin in ce mu tafi asibiti tare da kakar ta ji daga bakin likita, amma ban san yadda zan kawo maganar ba tare da ta ga na shiga gidan da ba nawa ba. Kuma ta yaya zan nuna wa ƙawata cewa hana ɗana zuwa gidanta ba yanke zumunci ba ne? Mijin zai dawo ƙarshen watan nan, don haka ina roƙon ki amsa mini kafin lokacin.

Na gode.

Ƙanwarki,
daga Aboabo, Kumasi