Ba ɓoye ta na yi ba, koro mu aka yi

Assalamu alaikum Malam Edita.

Na saurari shirinku na rediyo na daren Talata daga farko har ƙarshe, kuma tun daren nan raina bai kwanta ba. Baƙon da kuka kawo ya ce matsalar yara naƙasassu daga iyaye take, wai mu ne muke ɓoye su cikin ɗaka saboda kunya, ƙofar jardan kuwa, wato makarantar ƙananan yara kafin firamare, a buɗe take ga kowane yaro. Sau uku ya faɗi haka, ina ƙirgawa. Mai gabatar da shirin bai tambaye shi komai ba, sai "haka ne, haka ne" yake ta cewa. Na tsayar da keken ɗinki, na ɗauki waya, na yi ta kiran lambar da kuke faɗa har aka rufe shirin ba ta shiga ba. Shi ya sa na zauna na rubuto, kuma ina roƙonku don Allah ku karanta wasiƙar nan gaba ɗayanta, kada ku gutsure.

Ni uwa ce a nan Tawa, ɗinki nake yi a zauren gidanmu. Ɗiyata ta uku kurma ce. Ba haka aka haife ta ba. Tana da shekara 2 da wata 7 sanƙarau ya kama ta cikin zafin watan Afrilu, muka kwana 9 a gidan likita. Allah ya tashe ta, amma jin bai dawo ba. Kafin ciwon tana cewa Inna, tana cewa ruwa, tana kiran yayanta da sunansa daga bakin ƙofa. Da muka dawo gida sai na ga kalmomin suna zubewa ɗaya bayan ɗaya kamar hatsi daga buhu mai huda, cikin wata shida babu ko ɗaya da ta rage. Likitan da ya duba ta bai ɓoye mini ba. Ya ce ciwon ne ya lalata can cikin kunnen, ba datti ba ne, ba iska ba ce, kada in ɓata kuɗina wajen masu ɗiga magani. Sannan ya ce kada in kuskura in bar ta zaune gida, domin a shekarun nan na farko ne yaro yake kama harshe, ko da baki ko da hannu, in suka wuce da wuya a kamo su. Baƙonku ma ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. To wannan maganar ce ta fitar da ni daga gida.

Da ta cika shekara 4, aka koma lakwal a watan Oktoba, na yi mata kitso, na ɗinka mata riga sabuwa da hannuna, na rataya mata ƴar jaka da gorar ruwa. Takardar haihuwarta da katin rigakafinta duk suna hannuna. Jardan ɗin farko na gwamnati ne, kusa da mu. Madam ɗin ta kira ta, ba ta juyo ba. Ta zagaya bayanta ta tafa hannu, ba ta juyo ba. Sai ta miƙo mini takarduna ta ce, "Maman yarinya, mi za mu yi da ita? Ba a koya muna wannan ba." Ko kujera ba a ba mu ba. Yarinyar kuwa ta riga ta saki hannuna ta nufi wajen lilo, sai da na ɗauko ta tana kuka.

Na biyu na kuɗi ne. Su sun karɓe ta, sun karɓi jika 20 na rajista, kuɗin da na tara daga ɗinkin salla. Kwana 8 ta yi. Malam Edita, kwana takwas ɗin nan ban taɓa ganinta cikin farin ciki irinsu ba. Tun asuba take tashi ta ɗauko takalmanta ta aje gabana. A rana ta tara mai makarantar ya aiko in zo. Ya ce iyayen wasu yara sun kawo ƙara, wai ƴaƴansu sun fara komawa gida suna magana da hannu, suna tsoron kada su koyi bebanci. Na ce masa, Alhaji, kurumta ba ƙyanda ba ce da za a ɗauka. Ya ce ya sani, amma shi kasuwa yake yi, ba zai rasa yara goma saboda ɗaya ba. Kuɗina ba su dawo ba. Sati biyu yarinyar nan tana aje mini takalma kowace safiya, ni kuma ba ni da hanyar da zan gaya mata dalili, domin a lokacin ni da ita ba mu da wata magana sai nuni da yatsa.

Na uku shi ne ya fi tsaya mini a rai, don matar ba muguwa ba ce. Ta zaunar da ni, ta ba ni ruwa, ta ɗora yarinyar a cinyarta. Ta ce in leƙa ajinta. Na leƙa, yara sun fi 60 a kan tabarmi, ita kaɗai, ba mai taimaka mata. Sai ta ce, "Yaya, ki tuna Pays-Bas. In wuta ta tashi na yi kururuwa, kowa ya ruga, wannan ta yaya za ta ji ni?" Wa zai manta? Watan Afrilun 2021 a unguwar Pays-Bas ta Yamai, azuzuwan zana suka kama da wuta, yara wajen 20 suka ƙone, yawancinsu ƴan jardan. Watan Nuwamba na shekarar kuma aka sake yi a Maraɗi, yara sama da 20. Bayan nan ne gwamnati ta ce an hana sa ƴan jardan cikin rumfunan zana. Na fahimci tsoronta, wallahi na fahimta, ni ma uwa ce. Mu biyu muka zauna muna hawaye. Amma da na fito na kama hanya sai na ce a raina, ashe maganin wutar shi ne a bar ɗiyata gida? In aji bai da tsaro ga kurma da gurgu, to bai da tsaro ga kowa, ajin za a gyara, a ƙara wa matar nan mataimakiya. Ba ita ta kore mu ba, waɗanda suka bar ta ita kaɗai da yara 60 ba tare da sun koya mata komai a kan irin ɗiyata ba, su suka kore mu.

Yanzu ku gaya mini, a cikin wannan labarin ina ɓoyon yake?

Abin da ya ƙona mini rai shi ne washegarin shirin naku. Na je ɗibar ruwa a famfo, wata maƙwabciyata da ba ta san wahalar da na sha ba ta ce mini, "Kin ji rediyo jiya? An ce ku bar ɓoye su." A gaban mata ta faɗa. Uwar mijina kuma, wadda tun farko take cewa in haƙura in bar yarinya ta koyi daka da wanke-wanke, ita ma ta ji shirin, ta ce to ga shi nan, kin yi ta yawo a rana, ƙarshe ke aka ɗora wa laifi. Maganar da aka faɗa a rediyo nauyi gare ta. Kun ba mutum ɗaya rabin awa ya yanke mana hukunci, mu da abin yake ci ba a ji ta bakin ko ɗayanmu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ban ce babu masu ɓoyewa ba. Akwai, na san su. Amma ku tambaye su yadda aka fara. Wata a layinmu ɗanta ba ya tafiya. Shekara biyu tana goya shi zuwa lakwal, ta koma ta ɗauko shi. Ƙofar ajin tana da matakala uku, makewayin kuwa rami ne da yaro mai jan gindi ba zai iya shiga ba sai ya ɓata jikinsa, don haka tun safe ba ta ba shi ruwa kada fitsari ya kama shi, a zafin Tawa. Da ya yi mata nauyi ta kasa, keken guragu kuwa ba ta da kuɗinsa. Yaron da mushensa yake cewa ya fi kowa lissafi a ajin, yau yana tashar mota da ƙwarya a gabansa. In baƙonku ya wuce ya gan shi zai ce uwarsa ce ba ta san darajar ilimi ba.

Ni ma na yi lakwal har kolej kafin a yi mini aure, ina karatu, kuma ina zuwa taron ƙungiyar naƙasassu in an kira. A can na ji cewa tun 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin naƙasassu, wadda ta ce kada a hana yaro makaranta saboda naƙasa. A 2019 kuma aka yi dokar ƙasa a kansu. Kowace ranar 3 ga Disamba, ranar naƙasassu ta duniya, ana taro, ana jawabi, ana raba riguna. Ban raina ba. Amma me ya hana mai gabatar da shirinku ya ɗauki dokar nan ya tambayi baƙon: madam nawa ne a jardan ɗin jihar Tawa aka koya wa maganar hannu? Aji nawa ne keken gurgu zai iya shiga? In an kori yaro, uwarsa wace ƙofa za ta buga? Tambaya ke nan da ko ni mai ɗinki zan iya yi. Aikinku ne ku yi ta.

Kowa na kai wa kuka sai ya ce in kai ta Yamai. Na sani akwai makarantar kurame ta Hassane Bana Ba a can, akwai ta makafi ta Soly Abdourahamane, Allah ya saka wa malamansu da alheri. Amma daga Tawa zuwa Yamai ya fi kilomita 500. Mijina yana bida a Abijan kamar rabin mazan Adar, sai shekara ta zagayo muke ganinsa. Yara huɗu ne a gabana da tsohuwa. Ɗiyar da ba ta iya faɗin an buge ta ba, ba ta iya faɗin an taɓa ta ba, ita zan ɗauka in kai gidan wani dangi na nesa in juyo? Wace uwa ce za ta yi haka? Ni a Tawa nake zaune. Ta Keita fa, ko ta Bouza, ko wadda take rugar da ke bayan Abalak?

Bari in gaya muku wanda ya buɗe mana ƙofa, tunda shirinku bai nemi irinsa ba. Wani saurayi ne kurma mai gyaran takalma a kasuwa, ya yi makarantar kurame a Maraɗi yana yaro. Na kai masa takalmi, ya ga yarinyar a bayana tana nuni, ya aje allurarsa ya yi mata wata alama da hannu, ta yi dariya. Na rubuta masa a takarda abin da ke damuna, ya rubuta mini amsa. Tun daga nan duk Juma'a bayan la'asar yake zuwa zaurenmu, ba ya karɓar ko dala, sai dai in matsa masa da tuwo. Ranar da ta gane cewa kowane abu yana da suna a hannu, ta dinga jan shi tana nuna akuya, tana nuna tulu, tana nuna keken ɗinkina, tana son ya gaya mata. Yau tana da shekara 6. Tana ƙirga har 20, tana rubuta harafin farko na sunanta a allo, tana ba ni labarin wanda ya ci mata ƙosai. Ran nan ta gaya mini cikinta ne yake ciwo ba kanta ba, na shiga ɗaki na yi kuka, don shekara uku ina ba ta magani da ka. Yayyenta biyu cikin wata biyu suka iya hira da ita. Yaran layinmu ma sun ɗauka, suna wasan ƴar ɓuya tare, kuma ba wanda bakinsa ya ɗauke. In yaro ɗan shekara 8 ya iya cikin wata biyu, madam da ta yi makarantar horon malamai za ta kasa in an koya mata? Saurayin nan yana zaune a kasuwa yana ɗinkin takalmi, ba wanda ya taɓa cewa ya zo jardan ya tsaya kusa da madam ko da kwana biyu a sati.

Oktoba mai zuwa ya kamata ta shiga ajin farko na firamare, ba ta yi jardan ba sai kwana takwas ɗin nan. Zan sake yi mata kitso in sake fita. Abin da nake nema gare ku shi ne ku sake kiran baƙon nan, ku zaunar da shi tare da uwa irina da kurma irin malamin ɗiyata, a samo mai fassara. In ya tsaya a kan cewa ƙofa a buɗe take, ya faɗi sunan makaranta ɗaya a cikin garin Tawa, ɗaya tak, da safe zan kasance a bakin ƙofarta da takarduna. Kuma in kun yi shirin ku sa shi a rubuce a shafinku na Facebook, domin waɗanda ake magana a kansu ba sa jin rediyo. Saurayin nan sai da na rubuta masa abin da aka faɗa, ya karanta ya girgiza kai.

Sai kuma maganar farashin kasuwa da kuke karantawa ranar Lahadi. Ƙanena yana noman albasa wajen Galmi, sau biyu yana ɗauko kaya saboda kuɗin buhu da ya ji a gidanku, ya tarar farashin na satin da ya wuce ne, ya yi asarar kuɗin mota. Don Allah ku riƙa faɗin ranar da aka ɗauko farashin. Lambar wayar nan taku ma a duba ta.

Wassalam.

Uwar yarinya kurma, mai ɗinki, daga Tawa.