Kyamarar Babana ta farfaɗo, saura fim

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina kwashe kayan ɗakin marigayi Babana na tsinci kyamararsa, Pentax K1000, a ƙasan adaka, an naɗe ta da tsohon rawani. Maɓallin ɗauka ya cije, soson da ke tare haske a murfin baya kuma ya narke kamar kwalta. Wani dattijo mai gyaran agogo a Sabon Gari ya kwance ta, ya goge, ya manna sabon soso. Kwana 3 ta dawo tana ƙyas, Allah ya saka masa.

Kukana fim ne. Naɗi ɗaya mai hoto 36 sai da na aika Legas, ɗakunan hoton da na zaga kuma duk sun koma dijital. Don Allah masu wannan sana'a, akwai wanda har yanzu yake wanke fim a Arewa?

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya