Wasiƙa daga Gadarif

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da su Inna, yaya Kanon Dabo? Mu nan Gadarif ta ƙasar Sudan sai godiyar Allah. An gama yankan riɗi, dawa ma ta kusa shiga rumbu.

Ka tambaye ni yadda makaranta take. Ka san tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 aka rufe makarantu, kuma da Wad Madani ta faɗi a Disamba, ajujuwa da yawa a nan suka koma masaukin waɗanda suka gudo. Da aka dawo karatu sai aka damƙa mini ɗakin littattafai, wanda a gaskiya kabad ɗaya ne da tabarmi. Yara kuma sun dawo ba yadda muka san su ba. Wasu sun manta haruffa, wasu ka yi ta tambaya ko uffan, musamman 'ya'yanmu, da suke Hausa a gida amma allo da littafi duk Larabci.

Littattafai masu hotuna ne suka buɗe musu baki. Nakan zaunar da su a tabarma, in ɗaga littafi, in sa tafin hannu in rufe rubutun, in ce, "Me kuka gani?" Daga nan in ja bakina in yi shiru. Wallahi shirun nan shi ne aiki mafi wuya ga malami, don mun saba cike kowane gurbi da muryarmu. In yaro ya faɗi wani abu ba na cewa daidai ko kuskure, sai dai in ce, "Me ya nuna maka haka?" Dole ya koma hoton ya nemo hujja. Kuma na ce kowa ya yi magana da harshen da ya zo masa, in Hausa ce sai wani ya juya wa sauran da Larabci.

Akwai wani shafi da ba zan manta ba. Mace ce da ƙunshin kaya a ka, tana jan yaro, suna nufar kwalekwale. Wata yarinya ta ce biki za su, ga sabon mayafi. Wani yaro da ya zo daga Madani, wanda ban taɓa jin muryarsa ba, ya matso har ya dangwala yatsa a takardar, ya ce, "Gudu suke yi. Dubi yaron, takalminsa ƙafa ɗaya ne." Duk muka sunkuya, ashe kuwa haka ne, ni kaina ban lura ba. Gardama ta kaure. Ban raba ta ba, ban kuma tambaye shi abin da ya gani a hanya ba. Hoton ya ba shi damar faɗin nasa ta bakin wani yaro, kuma iyakar inda ya so nan ya tsaya.

Daga nan hira ta gangara kan kakanni. Wata ta ce kakarta ta ba ta labarin yadda mutanenmu suka taso bayan yaƙin Burmi a 1903, har ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa Mai Wurno a bakin Nilu kusa da Sannar. Na ce kowa ya je gida ya tambayo, ya zano abin da aka gaya masa. Yanzu zanen nasu ma ɗaga shi nake yi kamar littafi.

Ba kowane littafi ke yin wannan ba. Wanda ya ƙare kowane shafi da wa'azi, yara sukan nemi amsar da malam yake so ne kawai. Mai kyau shi ne mai rubutu kaɗan, fuskoki masu nuna abin da ke zuci, da ƙananan abubuwa a bayan hoto.

To ga roƙona. In ka shiga kasuwar Sabon Gari, ka duba mana irin waɗannan, waɗanda za a ga rawani da ɗankwali da tukunyar tuwo a ciki. Ko da boko aka rubuta ba komai, ni zan karanta musu. Ka ba duk mai tahowa ta Bur Sudan.

Ka gaishe da mai ɗakinka da yara. A sa mu a addu'a Allah ya kawo zaman lafiya.

Naka har kullum,
amininka na Gadarif